Jinin da Malam Ya Bayar

Mijina ɗan kasuwar hatsi ne. Asalinsa mutumin Kurfi ne, can yayansa da sauran dangi suke har yau, amma a Dutsin-Ma muka yi zaman aurenmu tun daga farko har ƙarshe, a gida mai zaure ɗaya da bishiyar bedi a tsakar gida. Malam nake ce masa, haka ma mutanen unguwa.

Idan an gama girbi sai ya shiga ƙauyuka, Kuki da Kutawa da na bayansu, yana sayen gero da dawa da wake. Ranar kasuwar Kurfi ya sa a loda buhunan a mota, shi ya bi su a baya da babur. Ba ya sayen hatsi sai ya ɗiba a tafin hannu, ya hura, ya jefa 'yan tsaba a baki ya tauna. Ko a gida in na zubo gero zan surfa sai ya miƙo hannu ya yi hakan, kamar ba shi ya kawo shi ba. Yakan dawo gab da magariba, ƙaiƙayi a wuyan rigarsa, da ƙunshin tsiren hanta daga wurin wani mahauci na bakin tasha. Yara sun san kukan babur ɗinsa tun daga kwanar masallaci. Ni ma na sani, amma ban taɓa tashi ba sai ya yi sallama.

'Yarmu ta fari sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Saboda haka kunya biyu ta haɗu a kaina, ga ta 'yar fari, ga ta suruka. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba na doguwar magana da ita. Shi kuwa Malam ya samu hanya. Uwata yake ce mata, kuma da wannan ya ture duk wata kunya. Tun tana firamare in ya dawo kasuwa zai zauna a kan tabarma ya ce, "Uwata, ɗanki ya dawo, ba ko ruwa?" Ita kuma ta ce, "Ɗan da ya yi yawo har magariba ba shi da ruwa a wurina." Sannan ta tashi ta kawo. Ina daga madafa ina jin su, ina yin kamar ban ji ba.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a, inda take karatu a fannin lafiya, tari ya kama Malam. Da farko mun ce ƙurar hatsi ce. Da ya fara rama aka je asibiti, aka ce tarin fuka ne, aka ba shi maganin da zai yi watanni yana sha. Ma'aikaciyar da ta ba mu ta ja mana kunne sosai, ta ce kada a tsallake ko rana ɗaya, in an tsallake ciwon zai dawo da ƙarfin da magani ba zai iya masa ba. Na riƙe wannan magana. Kullum da ya dawo daga sallar asuba zai tarar da ni tsaye da kofin ruwa.

Tarin ya yi sauƙi. Amma bayan wasu makonni sai ya daina son abinci, ko ƙamshin miya ba ya so. Wata safiya yana alwala a gindin bedi na ga farin idonsa ya koma kamar kwaiduwar ƙwai. Ciwon shawara ne, kowa ya san shi. Abin da kowa ya sani kuma a wurinmu shi ne ba a kai mai shawara asibiti, domin in aka yi masa allura shi ke nan. Haka na ji daga kakata, haka maƙwabta suka ce da suka shigo dubiya.

Yayan Malam ya zo daga Kurfi da saiwar rawaya a leda. Shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa awon hatsi, kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a gidanmu. Yaya muke ce masa ni da Malam, yara kuma Baba Babba.

"Hajiya, a jiƙa wannan ya riƙa sha safe da yamma," in ji shi. "Kada a bar kowa ya kusance shi da allura."

"To Yaya. Na asibitin fa?"

"Wancan na tari ne, hanyarsu daban. A ci gaba da shi."

Aka ci gaba. Da asuba ƙwayoyin asibiti, da hantsi ruwan rawaya. Idon yana ƙara rinewa, Malam yana ƙara kwanciya. Ana cikin haka yarinyar ta zo hutu. Ta shiga ɗakinsa gaisuwa, na ji yana cewa, "Uwata, kin ga ɗanki ya sa lalle a ido." Ban ji dariyarta ba. Ta fito da ledar maganin a hannu, ta durƙusa ɗan nesa da ni kamar yadda ta saba.

"Inna, maganin nan ne yake taɓa masa hanta. Yau za a koma asibiti."

Na ce, ina duban tukunya, "An ce kada a tsallake."

"Gaskiya suka faɗa. Amma in ido ya canza, komawa ake yi, su duba su ce a tsaya ko a canza."

Yaya yana zaure a ranar. Da ta fita ta gaya masa, na ji muryarsa ta ɗaga. Sai ga Malam ya fito yana dafa bango, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Yaya, uwarmu ce fa ta yi magana." Yaya ya miƙe. Shi da kansa ya je ya nemo mota.

A Katsina aka kwantar da shi. An yi masa allura ba ɗaya ba, bai mutu ba. Suka tsayar da maganin, hanta ta huta, sannan suka canza masa wani a hankali har tarin ya warke. Da ya koma kasuwa sai ya daina zuwa da tsiren hanta, ya koma kawo rake. Yara suka yi ƙorafi, ya ce, "Yanzu na san wahalar da hanta take sha, ba zan ci 'yar'uwarta ba."

Ciwon nan ne ya zaɓa wa yarinyar hanya. Ta gama jami'a, ta yi hidimar ƙasa, sannan ta samu tafiya ƙasar waje ƙaro karatu a kan hanta da magunguna. Bayan shekaru ta dawo hutu tare da wani likita daga Katsina. Suna neman mutanen da maganin tari ya taɓa yi wa irin abin da ya yi wa Malam. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin bedi. Ina gefe ina tsince wake, don haka na ji komai.

"Baba, magani ɗaya ne," in ji ta. "Mutane da yawa su sha su warke lafiya lau, wani kuma ya sha hantarsa ta ƙi. Muna so mu gane wanda zai cutu tun kafin ya sha."

"To sai ku yanka ni ku duba?"

"A'a, jini kaɗan za a ɗiba. A cikin jini akwai ƙwayoyin halitta, ƙanana da ido ba ya gani. Akwai yadda ake renonsu a ɗakin gwaji har su koma irin na hanta. Sai a zuba musu maganin a ga yadda za su yi. In zai yi ɓarna, ya yi a faranti, ba a cikin mutum ba."

Malam ya shafa gemu. "Wato iri za ki ɗiba."

"Kusan haka ne."

"To ki ɗiba a hannun dama. Na hagu bai iya komai ba."

Likitan ya yi dariya, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla da Hausa. Ya ce ba za a sa sunansa ba, lamba za a sa. Ya ce abin zai iya daɗewa ana amfani da shi, har bayan ran mutum. Ya ce duk ranar da shi ko iyalinsa suka ce a daina, za a daina. Ya tambaye shi ko ya yarda, ya sake tambaya. Malam ya ce, "Na bayar. Wanda zai sha maganin nan a bayana ban san shi ba, amma yana da mata da za ta tsaya masa da kofin ruwa." Bai dube ni ba da ya faɗi haka. Ni ma ban ɗaga kai daga waken ba.

Da Yaya ya ji labari bai damu ba. A ganinsa irin gwajin jinin nan ne na asibiti, a ɗiba yau a zubar gobe.

Da ta koma, kiran da take yi mana duk ranar Juma'a ya samu sabuwar gaisuwa. In ta kira, Malam ya saka wayar a fili yadda zan ji, ya ce, "Uwata, kin ba ni abinci yau?" Domin ta gaya masa kullum sai an canza wa ƙwayoyin nan wani ruwa ja-ja da suke rayuwa a ciki, ko ranar sallah ce. Ita kuma ta ce, "Baba, na ba ku ku duka. Ban san wanne ne naka ba, lamba ce kawai." Ya ce, "Duba wanda ya fi ci, shi ne." Wani lokaci ya tambaye ta ko can ma ana sanyi, a rufa masa bargo. Yana zuwa kasuwa yana faɗa wa abokansa shi fa yanzu yana Dutsin-Ma yana Turai, bai biya kuɗin jirgi ba. Su ɗauka wasa ne irin nasa.

Shekarun nan su ne na fi tunawa. Yara sun girma, gida ya yi shiru, in ya dawo sai mu zauna mu biyu a gindin bedi yana fere rake yana miƙo mini gaɓa-gaɓa, yana ba ni labarin wanda ya zuba yashi a buhun wake da yadda aka gane shi. Ban san ƙarshe ne ba, na ɗauka farkon hutu ne.

Ba hanta ce ta ɗauke shi ba. Hawan jini ne. Ya dawo daga Kurfi da la'asar yana cewa kansa na sarawa, ya kwanta, kafin a kawo mota rai ya yi halinsa. Washegari da safe aka kai shi. Yaya yana kudu a lokacin, ya raka motar shanu, sai bayan kwanaki ya iso. Yarinyar ma ba ta samu jana'iza ba, sai daga baya ta iso.

Bayan an yi sadakar bakwai, mutane sun ragu, Yaya ya shigo tsakar gida ya yi mini gaisuwa. Na gan shi ya tsufa cikin 'yan kwanaki. Ya zauna, hawaye na bin gemunsa. Yarinyar ta ga haka ta so ta sanyaya masa rai. Ta ce, "Baba Babba, ka yi haƙuri. Ai ko yanzu jinin da ya bayar yana nan yana aiki, ƙwayoyin suna raye."

Yaya ya ɗago. "Suna me?"

Ta yi masa bayani. Yana saurara, fuskarsa na canzawa.

"Kina nufin an binne ƙanena, amma wani abu na jikinsa yana can a hannun mutane, ana zuba masa magani?"

"Ba shi ba ne, Baba Babba. Ba su ji, ba su sani."

"Ke yarinya, mu ko farce muka yanke binnewa muke yi. In wanzami ya yi wa mutum ƙaho, rami ake tonawa a zuba jinin a rufe. A dawo da shi. A sa a ƙasa kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi."

Ta ce ba za a iya dawo da su ba. In iyali suka ce a daina, shugaban wurin aikinsu ne ya san lambar Malam, zai cire su a kashe a can. Ta ce kuma ba ita za ta yanke ba, ba shi ba, matarsa ce za a tambaya. Yaya ya juyo wajena. Bai taɓa kallona kai tsaye ba sai ranar.

"Hajiya, ba zan matsa miki kina cikin takaba ba. In kin fita, ina jiran amsarki."

An tambayi limamin unguwarmu. Ya ce ya san malamai da dama sun halatta mutum ya ba da jini don amfanin wani, amma wannan na reno a faranti bai karanta shi ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Maganar ta dawo kaina.

Takaba zaman tunani ne. Ba fita, ba ado, sai tasbaha da masu shigowa gaisuwa. Da la'asar, lokacin da kunnena ya saba jiran babur, sai in samu kaina ina tunanin can ƙasar da ban taɓa gani ba. In ce yanzu ƙila an canza musu ruwa. In ce ƙila nasa ne ya fi ci, kamar yadda ya faɗa. Na san Malam yana kabarinsa, ina yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa mamaci. Amma wani gefe na zuciyata ya kama wannan abu ya riƙe. Ban so a kashe su ba. Sai dai kuma in na tuna abin da ake zuba musu, maganin nan da ni na riƙa miƙa masa da asuba, sai in ji ba zan iya ba. Abin da nake so daban ne da na Yaya, daban da na yarinyar. Ina so a bar su kawai, a riƙa ba su abinci, kada a taɓa su.

Na daɗe ban faɗa ba, don ban san yadda zan buɗe irin wannan magana da ita ba. Sai ana gobe za ta koma, bayan arba'in. Da hantsi ne, tana wanke kwanuka a bakin rijiya, ina zaune a ƙofar ɗaki. Na yi magana ina duban bango.

"Da za a ce wa masu aikin nan su daina zuba wa nasa magani. A ajiye shi dai."

Ta tsame hannu daga ruwa. Ta zo ta zauna kusa da ni, kusa fiye da yadda ta taɓa yi tun tana goye.

"Inna, in an ajiye ba a taɓa ba, to bai bayar da komai ba ke nan."

Na dube ta, ta ci gaba.

"Asalin yana cikin sanyi, a daskare. Daga ciki ake ɗiba kaɗan a rena su zama na hanta. Waɗannan ba su daɗewa ko an zuba musu magani ko ba a zuba ba. 'Yan makonni ne. Waɗanda nake ba abinci lokacin da yake tambayata sun daɗe da ƙarewa, an reni wasu, an sake renon wasu."

"Kuma ya san haka?"

"Ya sani. Na gaya masa. Cewa ya yi haka gona take."

Ta ciro waya ta ce ko ina so in gani. Na karɓa. Hoton farko wani faranti ne na roba mai ramuka a jere, kamar tandar waina amma ƙanana, kowane rami da ɗan ruwa ja-ja. Na biyu kuma abin da ake gani ne in an duba ta madubin da ke ƙara girma. Wasu 'yan ɗakuna ne manne da juna, kamar saƙar zuma, kowanne da ɗigo a tsakiya. Ta nuna mini wani gefe inda suka tsaya cif, ta ce waɗannan ba a zuba musu komai ba. Ta nuna wani inda suka yamutse suka rabu da juna, ta ce waɗannan maganin ya yi musu yawa. Ta ce na wasu mutane suna jure abin da na wasu ba su jurewa, dalilin haka suke nema, kuma har yanzu ba su gama ganowa ba. Ba ta yi mini alkawarin za su gano ba.

Na daɗe ina kallo. Gaskiya nemansa nake yi. Ban san me na zaci zan gani ba, amma na duba ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman fuska a taron biki. Babu shi a ciki. Babu ma yadda za a ce wannan na wane ne. Na Malam, da na wata mata ƙila daga Kutawa, da na wani saurayi da ban sani ba, duk kamarsu ɗaya. Na miƙa mata wayar.

"Ban gan shi ba," na ce.

"Ni ma na nema, Inna."

Ranar ce na fara ganin kukanta tun da ta girma. Ban rarrashe ta ba, ban iya ba. Na dai bar ta ta jingina da kafaɗata har ta gama, sannan ta tashi ta ƙarasa wanke-wanken. Ba ta tambaye ni me na yanke ba, ni ma ban faɗa ba, don ban gama sani ba.

Sauran takabar ta fi ta farko nauyi. Da ina da wurin da nake kai tunanina da la'asar, yanzu babu. Amma a cikin wannan nauyin ne na fara yi masa kuka sosai, irin wanda ya kamata in yi tun farko.

Da na fita takaba na yi wanka, na sa sabon zane, na zaga maƙwabta godiya. Washegari na shiga motar Kurfi. Rabona da hanyar ya yi shekaru. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai a dama da hagu, ina ta tunanin sau nawa ya bi wannan hanya shi kaɗai ban taɓa tambayarsa me yake gani ba.

Na tarar da Yaya a zaurensa. Na durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa, ya yi mini barka da fita, ya sa aka kawo ruwa. Sai ya jira.

"Yaya, na zo da amsar."

"Ina ji, Hajiya."

"A bar su su yi aikin da ya ba da su dominsa. Da bakinsa ya bayar, da hankalinsa, ina wurin. An gaya masa har bayan ransa, ya ce ya yarda. Abin da ya bayar yana raye ba ya cikin abin da ya bar mana. Ba na jin ina da ikon karɓowa."

Ya daɗe yana jan tasbaha. A waje wani yana kiran mai ruwa.

"Kin gani da idonki?"

"Na ga hoto."

"Yaya yake?"

"Ba shi ba ne, Yaya. Na duba sosai."

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na goya yaron nan, Hajiya. Ni na kai shi kasuwa ranar farko. Na ɗauka shi zai wanke ni. Sai ga shi ban wanke shi ba, ban ɗauki makararsa ba, ko ƙasa ban zuba ba. Da na ji akwai saura, sai na ce ko wannan ne Allah ya bar mini."

Na gaya masa waɗanda suka yi wankan, da yawan mutanen da suka zo har layi ya fita titi, da yadda fuskarsa ta yi kyau kamar mai barci. Ya saurara har na gama, ya sa na maimaita masa wasu.

Sannan ya ce, "Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan hana ba. Ke aka tambaya. Allah ya sa a mizaninsa."

"Amin, Yaya."

"Ki ce wa uwar tamu ta riƙa kira na. Ba sai an yi mutuwa ba."

Matarsa ta riƙe ni sai da na ci tuwo, ta ɗaura mini daddawa da kuka a leda. Da la'asar na fito tasha. Motar Dutsin-Ma ba ta cika ba, na zauna a kan benci a inuwa na kira yarinyar. Ban taɓa kiranta da kaina ba sai ranar, kullum ita ke kira. Ta ɗauka da sauri, a tsorace.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina Kurfi. A ci gaba da aikin."

Ta ce, "To, Inna. Na gode."

"Ranar da za a zuba maganin ba sai an gaya mini ba. In an gano wani abu dai a faɗa mini."

"Zai iya daɗewa."

"Ba inda za ni," na ce.

Direba ya fara kiran mutanen Dutsin-Ma. Na kashe wayar na ɗaure ta a bakin mayafi, na ɗauki ledata. Wata mata mai goyo ta matsa mini wuri kusa da taga, na shiga na zauna.